Hular Gwadabe da Kwazazzabon Iska

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya hore iska ta ɗauki abin da ya nufa. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta da iyalan gidansa. Bayan haka:

Ya kai mai karatu mai daraja, mai tsabtar hankali, wanda Allah ya nufa wannan hikaya ta faɗo hannunsa, ina yi maka sallama irin ta manya, ina kuma roƙonka ka gyara zama. In a tsaye kake, nemi buzu. In abinci ne a gabanka, gama ka wanke hannu, domin ba na son maiƙo a gefen maganata. In kuwa kana cikin mutanen nan masu tsallake shafi don su leƙa ƙarshe, to ka sani na yafe maka tun yanzu, amma ban ji daɗi ba. Mai yi maka magana shi ne Malam Haliru ɗan Jatau, wanda ya durƙusa gaban malamai tun haƙoransa ba su gama fitowa ba, ya sha nahawu, ya ƙoshi da lugga, ya yi iyo cikin manɗiƙi da hisabi har malamansa suka ce ya isa haka. Ba don alfahari nake faɗa ba, sai don ka san girman bakin da labarin ke fitowa daga cikinsa.

Malamaina sun koya mini cewa hukuncin hankali kashi uku ne: wajibi, wanda ba makawa sai ya kasance, mustahili, wanda ba ya taɓa kasancewa, da ja'izi, wanda kasancewarsa da rashinta duk daidai ne. Na riƙe wannan har gemuna ya yi fari. Sai dai na lura ja'izin nan fili ne da ba shi da shinge. A cikinsa mutum ke ce maka "zai yiwu" ga abin da har ya mutu ba zai taɓa shi ba, wani kuma ya ce "ba zai yiwu ba" ga abin da maƙwabcinsa zai gama kafin la'asar. Abin ya hana ni sakat. Na ce lallai akwai wata ƙasa a bayan duniya inda ake auna waɗannan kalmomi kafin a furta su. Na naɗa rawanina, na zura babbar rigata mai aska, na ɗauki sanda, na fuskanci gabas.

Na ratsa ƙasashe da ba su da suna a bakin fatake, har na isa Birnin Harsasai. Subhanallahi! Iyakar ganin idona ramukan gini ne, an haƙa su da kyau, an jera duwatsu, amma babu bango ɗaya da ya kai ƙirjin mutum, babu rufi ko na kaji. Mutanen garin fara'a gare su, suna kwana a fili, ruwa na dukansu suna murmushi. Dokarsu ita ce ba a amsa kowace shawara sai da "zai yiwu". Suka karɓe ni hannu biyu, suka kai ni gaban Magajin garin, ya dubi girman rawanina ya ce, "Malam, muna so ka gina mana matakala zuwa wata, mu riƙa shanya hatsi a can. Ba za ka fita garin nan ba sai ta kammala. Zai yiwu?"

Na ga dogarai sun tsaya a ƙofa. Na ce, "Ranka ya daɗe, wata ai ƙaramin faifai ne ga mutane irinku. Me zai hana ku yi wa sama duka rufi, ku huta da damina? Sai dai harsashin ginshiƙin farko a bayan ganuwa ta yamma ya kamata a haƙa shi."

Gari ya ɗauka baki ɗaya, "Zai yiwu! Zai yiwu!" Suka kwashi diga da kwanduna suka yi yamma, har da dogaran, har da Magajin. Ni kuwa na fita ta ƙofar gabas ina tafiyar ƙasaita, ba wanda ya ce mini sannu.

Daga nan na faɗa Dajin Rimaye. Ya kai mai karatu, duk rimin da ka taɓa gani jikan jikan waɗannan ne. Gajimare a tsakiyar jikinsu yake ratsawa. Idan kwanson ɗaya ya fashe, sai ka ji kamar tsawa, audugarsa ta fito fara fat, faɗinta ya kai rufin zaure, iri na reto a ƙarƙashinta kamar rago. Sama ta cika da su, suna tafiya a natse kamar jama'a za su idi. Na tsaya baki buɗe ina tasbihi. A nan na ga birai suna kama irin su rataya, iska ta ɗauke su, in suna son dama su karkata jiki dama, in hagu su karkata hagu, har su ƙetare wani kogi mai baƙin ruwa. Ban daɗe ina kallo ba sai na ji gurnani a bayana, na waiga na ga wata dabba mai kan kura da jikin bijimi. Ban tsaya tambayar nasabarta ba. Na kama iri mafi kusa, na runtse ido, ƙasa ta sake ni. Haka na ƙetare kogin cikin ayarin birai, kuma na shaida ba su yi mini rashin ladabi ba.

Bayan doguwar tafiya na hau wani tsauni da kansa ya shige gajimare, a bisansa na tarar da Birnin Tsagewa. Tun daga nesa nake jin wani ruri da ba ya yankewa. Da na shiga na ga dalili. Birnin a tsage yake gida biyu. Tsakaninsu kwazazzabo ne wanda ba a ganin ƙasansa, kuma daga cikinsa iska ke tasowa sama, ba dare ba rana, da ƙarfin da in ka jefa tsakuwa sai ta tsaya tana rawa a gaban fuskarka kafin ta yi sama. Ruwan wani ƙaramin rafi da ke zuba cikinsa ba ya sauka, sai ya miƙe tsaye kamar farin ginshiƙi, rana ta zana bakan gizo a jikinsa. Can ƙetare kuwa wata unguwa ce a kan dutse, a yanke ta kowane gefe, mutanenta ƙanana kamar tururuwa.

A bakin kwazazzabon na ga wata dattijuwa mai jiki, sanye da saƙi mai tsada, tana ɗaga mayafi sama. Can ƙetare wani ɗan farin ƙyalle yana amsa mata. Na yi sallama. Ta amsa ba ta dube ni ba.

Na ce, "Baiwar Allah, da wa ake gaisawa?"

Ta ce, "Da 'yata, Ladingo. Allah gafarta Malam, kai baƙo ne, in ba haka ba da ba ka tambaya ba."

Ita ce Lantana, Uwar Masaƙan birnin, wadda duk mai kaɗi da mai saƙa ke ƙarƙashinta. Ta ba ni labari. A ƙarshen damina ƙasa ta girgiza, tsaunin ya tsage, unguwar manoma ta rabu da gari da duk wanda ke cikinta a ranar. Rijiyoyi duk a wannan gefen suke. Na can ba su da ruwa sai wanda sama ta tara musu a wani kwarmin dutse, ga rani ya yi nisa. Murya ba ta ƙetarewa saboda rurin iska. Ta ce, "Da ciki ta tafi gaida surukanta. Kwanan baya ta ɗaga mini jariri na gani. Da, ƙyallen nan sama take ɗaga shi. Yanzu daga zaune take kaɗa shi."

Na ce, "To me mazan garin nan ke yi?"

Ta ce, "Zo ka gani."

Ta kai ni dandalin gari. A tsakiyarsa akwai duwatsu uku, fari da ja da baƙi, kowanne ya sha taku har ya yi santsi. A nan, ya kai mai karatu, na tarar da abin da na bar gidana dominsa. Mutanen Tsagewa ba sa furta hukunci kan wani aiki suna tsaye a ƙasa. Wanda zai ce "yana yiwuwa" sai ya hau farin dutse. Wannan kalma kyauta ce, ba a bin mai ita komai, shi ya sa yara ma ke hawa. Wanda zai ce "yana aikatuwa", wato da hannun da muke da shi, da kayan da ke gabanmu, cikin lokacin da ya rage, sai ya hau ja, kuma shi zai fara sa jikinsa a aikin kafin kowa. Baƙin kuwa na "ba ya yiwuwa" ne. Mutum ɗaya ke hawansa, mai sarautar Ma'aunin Gari, bayan ya rantse bai ga alama ko ɗaya da ke nuna akwai hanya ba. Da zarar ya furta, an rufe maganar, duk wanda ya gwada ya yi laifi. Kakanninsu ne suka kafa wannan don samarinsu sun riƙa hallaka wajen gwada abin banza. Ba abin da ke buɗe baƙin dutse sai jan dutse.

Wallahi sai da na ji ƙwalla ta taru mini. Na zagaya duwatsun ina shafa su. Na ce, "Uwar Masaƙa, wannan hikima ce da ba ta cikin littattafan da na karanta, kuma na karanta da yawa."

Ta ce, "Hikimar ce ke kashe mini 'ya. Ma'auni ya hau baƙi."

Muna cikin haka sai ga Ma'aunin da kansa, Gwadabe, dogo, mai taushin murya. Yayansa Ɗanbaba na cikin waɗanda suka maƙale a ƙetare, shi kuwa ya koma gidan yayan da lambunsa, wai yana tsare masa. Ni mutum ne mai sanin darajar tufafi, don haka idona ya faɗa kan hularsa. An ɗinke ta da wani shuɗin zare mai walƙiya kamar ruwa a hasken hantsi. Na yaba. Ya shafa ta ya ce wurin wasu fatake ya sayi zaren. Lantana ta taɓe baki ta ce ita dai tun tana yarinya take kaɗi, ba ta taɓa ganin irinsa ba.

Gwadabe ya ce, "Malam, na ji kana tambaya kan kwazazzabo. Kada ka wahalar da tsufanka. Ni ma jinina ne a can. Na yi kuka har idona ya kumbura. Amma ba ya yiwuwa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mustahili a wurinmu shi ne wanda hankali ba ya iya suranta shi, kamar abu ya zama yana nan kuma ba ya nan a lokaci guda. Ƙetare rami ba ya cikin wannan babi."

Ya yi murmushi. Ya ce, "To ga farin dutse nan, Malam. Hau ka faɗa. Baƙi da yawa sun hau, sun sauka, mun ba su fura sun wuce."

Jama'ar da ta taru ta yi dariya. Ba zan ɓoye maka ba, dariyar ta sosa ni, domin ba a saba yi mini ita ba. Amma abin da ya fi sosa ni shi ne ƙyallen nan da ake kaɗawa daga zaune. Na tuna biran Dajin Rimaye. Na dubi iskar da ke tasowa, na lura da ginshiƙin ruwan nan, na ga da hantsi ya ɗan sunkuya wajen ƙetare. Na tattare rigata, na wuce farin dutse, na hau ja.

Kowa ya juyo ya dube ni. Lantana ta kama habar rigata ta ce, "Allah gafarta Malam, ka san abin da ka taka kuwa? Da wannan tumbin?"

Na ce da ƙarfi, "Yana aikatuwa!"

Gwadabe ya ce, "Kun dai ji. Jininsa a wuyansa."

Al'ada ta ba ni zuwa tsayuwar sabon wata, ta kuma halatta wa duk mai so ya taimake ni. Lantana ta tara masu kaɗi da masaƙa da masu tufka igiya. Na bayyana musu abin da na gani a daji: shimfiɗa mai faɗi a sama, nauyi a ƙasa, da mai karkatawa a tsakani. Muka fara da ganye, muka koma ƙwarya, muka koma tabarma. Aka ɗora ni a sikeli aka auna ni da duwatsu, kuma ba zan ambaci yawan duwatsun ba, domin Lantana ta ambata a gaban jama'a, ya wadatar. Muka ɗinka rumfa ta sawaye muka rataya mata kwandon duwatsun. Ta farko ta kife. Ta biyu iska ta yage ta kamar takarda, ta yi sama da tsummokaran har suka ɓace.

Lantana ta ce, "Sawayenmu ba su da ƙarfin tsakiya. Ana bukatar ƙyalle guda mai nauyin ɗinki da zai riƙe cibiyar." Sai ta tsaya tana duban rigata.

Na ce, "A'a."

Ta ce, "Malam."

Na ce, "Uwar Masaƙa, wannan rigar ta zauna gaban alƙalai."

Ta ce, "Yau za ta zauna gaban iska. Tuɓe."

Haka aka farke gefunan babbar rigata mai aska, aka ƙara mata sawaye ta kowane ɓangare, aka yi mata haƙarƙari da gora, ta zama rumfa mai faɗin zaure. Muka gwada ta da kwando. Ta tashi lafiya, ta tafi har tsakiyar kwazazzabo, ta tsaya cak tana juyi, don dutse ba ya karkata kansa. Muka jawo ta da igiya. Gwadabe, wanda ba ya rabuwa da wurin, ya ce, "Kun gani? Rabi ne iyakarta."

Na ce, "Sauran rabin nawa ne."

Da hantsin ranar da aka sa, gari duka ya fito. Aka ɗaura mini majanyi a ƙarƙashin hammata, aka rataya mini salkar ruwa a gaba, aka ƙulla siririyar igiya a ƙuguna, masaƙa suka riƙe ɗaya bakin. Lantana ta duba kowane ƙulli da hannunta da haƙoranta. Ta matso ta ce a hankali, "In ka isa, ka ce mata uwarta ba ta taɓa hawa kowane dutse ba sai bakin ramin nan." Na yi shahada, na yi bisimilla, na taka inda babu ƙasa.

Ya kai mai karatu mai daraja, a nan alƙalami ke gazawa, kuma ka san ba ƙaramin abu ke gagarar nawa ba. Na faɗa kamar tsawon mutum, sai rigar ta cika ta yi ƙara kamar tambari, wani hannu da ba a gani ya tallabe ni. Na duba ƙasa. Babu ƙasa. Shuɗi ne a kan shuɗi, yana zurfafa har ya koma baƙi, can ciki wasu fararen tsuntsaye masu faɗin fukafukai suna kwance a kan iska ba sa ko motsi, kamar an rataye su tun ranar da aka yi duniya. Bangon tsaunin da ya tsage ya bayyana jijiyoyinsa, ja da kore da ruwan zinariya, hawa bisa hawa, abin da ba idon da ya taɓa gani tun da aka binne shi. Na ratsa ta jikin ginshiƙin ruwan nan, feshinsa ya jiƙa mini gemu, na shiga cikin bakan gizo na fita ta ɗaya gefen. Rurin da ya cika gari, a tsakiya babu shi, shiru ne mai nauyi. Duk ilimin da na tara ya taru ya koma kalma ɗaya a bakina, ina ta maimaita Allahu Akbar kamar ɗan da bai iya komai ba sai ita.

A tsakiya rigar ta tsaya ta fara juyi da ni. Iska ta fizge rawanina, ya warware ya yi sama kamar farin maciji. Na ji wata gora ta yi ƙara. Na tuna birai, na jawo igiyar da ke ɗaure a gefen dama na rumfar, na jefa nauyina duka gefe guda, kuma a ranar na gode wa Allah da bai yi ni siriri ba. Rumfar ta sunkuya, ta zame gaba, dutsen ƙetare ya taho da gudu. Na sauka cikin karan wata busasshiyar gonar dawa, ba da irin ƙasaitar da na so ba.

Mutanen ƙetare suka taho, masu iya tafiya suna jan marasa iyawa. Leɓunansu sun tsattsage. Kwarmin ruwansu ya koma laka, a gefensa kuwa akwai sababbin kaburbura na tsofaffin da ba su jure ba. Na kwance salka, na tambayi Ladingo, na fara ba ta, na isar da saƙon uwarta kalma da kalma. Ba ta da hawayen da za ta zubar, sai ta ɗora goshin jaririn a kan hannuna. Wani dattijo mai kama da Gwadabe, sai dai ya rame, ya kama igiyar ƙuguna ya ɗaure ta a gindin wata tsamiya. Shi ne Ɗanbaba. Da siririyar igiya aka jawo kakkaura, da kakkaura aka jawo kwandunan tuluna, kafin rana ta faɗi kowa ya sha.

Ina zaune ina hutawa sai idona ya faɗa kan mazarin da ke gefen Ladingo. Shuɗin zare ne a kansa, mai walƙiya kamar ruwa a hasken hantsi.

Na ce, "'Yata, ina kika samo wannan?"

Ta ce, "Baba, ni na kaɗa shi. Bayan tsagewar ƙasa wata ciyawa ta fito daga cikin tsagun, mai shuɗiyar auduga. Ba mu taɓa ganin irinta ba."

Ɗanbaba ya ce, "Da shi muka nemi hanya tun farko, Malam. Akwai tantabarata guda da ta biyo ni ranar. Sheƙarta na lambuna, can gida. Muka ɗaura mata zaren a ƙafa muka sake ta. Ta ƙetare, muna kallo. Zaren ya miƙe. Sai muka ji an ja daga can, muka ja, aka sake ja. Muka yi ta kabbara. Can sai ya saki." Ya shiga bukka ya ɗauko bakin zaren ya miƙo mini. Ba tsinkewa ya yi ba. Yankan wuƙa ne, sumul.

Na ce, "Wa ke zaune a lambunka?"

Ya juya ya dubi wajen gari, inda ƙanensa yake.

Masaƙa da masu igiya suka yi aiki ba hutawa har aka shimfiɗa gada ta igiya da gora. A kanta na dawo, ba rawani, ba babbar riga, da aron taguwa da ba ta kai mini gwiwa ba, amma jama'a ta tarye ni kamar na sha alkyabba. Lantana ba ta ko dube ni ba, ta wuce ni da gudu ta rungume 'yarta da jikanta a tsakiyar gada, har sai da aka roƙe su su matsa don jama'a ta wuce.

A al'adar Tsagewa, wanda ya buɗe magana da jan dutse shi ke hukunta wanda ya rufe ta da baƙi. In kuskure ne, a yi masa uzuri. In ya rantse kan ƙarya ne, a ba iska shi. Aka shimfiɗa mini buzu a dandali, aka kawo Gwadabe.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ɗan Adam ne ni. Na auna, awona ya gaza. Wa ya taɓa ganin riga ta ɗauki mutum?"

Na ce, "Ka rantse ba ka ga alama ko ɗaya ba?"

Ya ce, "Na rantse."

Na ce, "Miƙo hularka."

Na ɗora ta a buzu, na ajiye mazarin Ladingo a gefenta. Lantana ta tsinci bakin zaren hular da allura, ta haɗa shi da bakin da Ɗanbaba ya adana, ta ɗaga sama kowa ya gani. Na ce, "Waɗanne fatake ne suka sayar maka da zaren ciyawar da ba ta tsiro ba sai bayan tsagewar ƙasa, kuma ba ta tsiro ko'ina ba sai ƙetare?"

Gwadabe ya zube ƙasa. Ya rarrafa wajen Ɗanbaba yana cewa, "Yaya, ka yi mini rai. Shaiɗan ne. Lambun ne ya shiga raina."

Ɗanbaba ya dube shi. Ya ce, "Lambun na gane, Gwadabe. Tun muna yara kake son na hannuna. Amma hular fa? Ka yanke mu, sa'an nan ka sa mu a kanka kana yawo?"

Gwadabe ya ce cikin kuka, "Zaren ya yi kyau, Yaya. Na kasa jefarwa."

Jama'a ta yi ca, ana cewa a ba iska shi. Na ɗaga hannu. Na ce na shiga iskar nan na ga abin da ke cikinta, kuma ta fi ƙarfin a jefa mata irin wannan. Na tuɓe shi daga sarautar Ma'auni. Na mayar wa Ɗanbaba gidansa da lambunsa da tantabararsa. Na sa aka warware hular aka tufka zarenta cikin igiyar da ake dafawa a gada, daidai inda hannu ke sauka. Sa'an nan na sa aka dasa ƙwallon tsamiya a gefen kowane sabon kabari da ke ƙetare.

Tarar da na ci shi kuwa, ya kai mai karatu mai daraja, wanda ya yi haƙuri da ni har nan, ita ce wannan: tulun ruwa cike, a kansa, ba hula ba gammo, daga rijiyar gari zuwa ƙetare ta kan gadar da ya rantse ba ta yiwuwa, kowace safiya ta Allah, har ranar da tsamiyoyin nan za su yi 'ya'ya.